Tsakanin ɗakin gwaji da tukunyar miya: aikin mai binciken maƙoƙo a Katsina

Tun a 1820 wani likita a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, Jean-François Coindet, ya nuna cewa sinadarin aidin yana sa kumburin maƙoƙo ya sace. Ba a fara sayar wa jama'a gishiri mai aidin ba sai a 1922, a wani yanki na Suwizalan ɗin dai. Nijeriya kuwa sai a 1993 ta wajabta shi. Shekara 102 ke nan tsakanin sani da aiki da shi, sannan wasu 71 kafin doka ta kawo shi gare mu. Har yanzu kuma wanda ya zaga kasuwar Mai'aduwa ko ta Charanci, ba abin mamaki ba ne ya ci karo da mace ta ja mayafi ta rufe ƙullutu a wuya.

Wannan tazarar ita ce gonar likitan da ya haɗa binciken cututtukan tayirod da nazarin yadda sabon abu ke karɓuwa a cikin jama'a. Masu wannan fanni na biyu sun bambanta abu biyu: ƙirƙiro abu daban, shigarsa hannun mutane har ya zama al'ada daban. A fagen tayirod kusan an gama na farkon. Magungunan tsofaffi ne, masu araha ne, an san adadin da ake sha. Na biyun ne ya rage, kuma a nan mai bincike daga Katsina ko Daura yake da abin faɗa wanda na Landan ba shi da shi.

Ita tayirod 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta giram 15 zuwa 25 a jikin baligi. Tana tsotsar aidin daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, girman ƙwaƙwalwar jariri. Mai ba ta umarni wata 'yar tsoka ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, ta hanyar sinadarin TSH. Idan T4 ya yi ƙasa, TSH ya hau yana ta zaburar da ita. Idan aidin ne babu, zaburarwar ba ta haifar da komai sai girma, shi ne maƙoƙo. Baligi yana buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, ɗan firamare 120, ƙaramin yaro 90. Duk abin da mutum zai buƙata a tsawon rayuwarsa bai kai cikin ƙaramin cokali ba.

Hanyar zama mai bincike a nan doguwa ce. Shekara shida a makarantar likitanci, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwarewa biyu, ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Sai horon ƙwarewa a asibitin da aka amince masa, kashin farko shekara biyu zuwa uku, kashi na biyu kimanin uku, a ɓangaren da ya haɗa ciwon suga da tayirod. Shekara 14 ke nan idan ba a faɗi jarrabawa ba kuma yajin aiki bai ci wata shekarar ba, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Ba kuma likitan ciki kaɗai ke da ƙofa ba. Likitan tiyata, da mai duba ƙwayoyin tsoka a madubin ƙara girma, da masanin sinadaran jiki ko na abinci daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma, kowa yana da rabonsa, kuma bincike mai kyau a wannan fanni da wuya mutum ɗaya ya iya shi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne kundin bincike na ƙarshen horo. Mafi sauƙi shi ne a shiga ɗakin ajiyar fayil a tattaro na masu ciwon tayirod na shekara biyar ko goma, a ƙirga mata nawa maza nawa, a fitar da kaso. Ana cin jarrabawa da irin wannan, amma ba ya gaya mana komai game da jama'a. Wanda ya iso babban asibiti har aka buɗe masa fayil, ya kuma biya kuɗin gwajin jini, mutum ne da ya tsallake shinge uku ko huɗu: kuɗin mota, izinin maigida, yarda cewa abin na asibiti ne ba na wanzami ko mai ruƙiyya ba. Lissafin da aka yi a kansu lissafin masu hali ne da na waɗanda ciwo ya kai maƙura. Wanda ya fara da wannan kuskuren, sau da yawa a kansa yake gina sauran takardunsa.

Tarihin fannin kansa darasi ne ga mai neman gane dalilin jinkiri. Marasa lafiyar zamanin Coindet sun riƙa shan aidin fiye da kima, har wasu suka kamu da rawar jiki da rama da bugun zuciya, sai maganin ya yi baƙin jini na shekaru masu yawa. Garin neman gira aka rasa ido. Sai da Eugen Baumann ya gano aidin a cikin tsokar kanta a tsakiyar shekarun 1890 aka sake waiwayarsa. Abin da ya karya gardama shi ne gwajin David Marine a makarantun garin Akuron na Amurka daga 1917: cikin 'yan mata 2,190 da suka sha aidin, biyar ne maƙoƙo ya fito wa, cikin 2,305 da ba su sha ba kuwa, 495. Gani ya kori ji. Duk da haka ba lambobin ne suka kai aidin cikin gidaje ba, dabarar zuba shi a gishiri ce, domin ba ta buƙatar kowa ya sauya ɗabi'arsa. Everett Rogers, wanda ya tattara wannan ilimin a 1962, ya ce abu biyar ke sa sabon abu ya yaɗu: a ga ya fi na da, ya dace da yadda mutane ke rayuwa, ya zama maras wuyar sha'ani, a iya gwada shi kaɗan, a kuma ga amfaninsa da ido. Gishiri mai aidin ya ci uku na tsakiya, amma ya faɗi a na ƙarshe. Uwa ba ta ganin basirar da ɗanta bai rasa ba. Shi ya sa idan wani gishirin ya fi araha da 'yan nairori, shi za ta saya, kuma ba ta yi wauta ba.

To a nan ne aikin Katsina yake. Ka'idar Nijeriya ita ce miligiram 50 na aidin a kowane kilo na gishiri a masana'anta ko tashar jirgin ruwa, 30 a wurin mai sayarwa, ana kuma fatan ya isa gida da aƙalla 15. Lissafin a fili yake: mai cin giram 10 na gishiri a rana, idan akwai 15 a kilo, ya samu maikirogiram 150 cif. An bar wannan rarar ne saboda aidin yana zurarewa a hanya. Laima tana jan sa zuwa gindin buhu, ƙazantar gishiri da rana suna rage shi, dafuwa ta ƙara cin wani kaso. Buhun da aka farke aka juye a faranti ana aunawa da gwangwani, rana ta doke shi yau raɓa ta sauka a kansa gobe, ba shi ne wanda ya baro masana'anta ba. Ga kuma iyaka. Ta Jibiya da Kwangwalam ƙasar nan a haɗe take da Nijar, kuma gishirin Balma, kantu da beza, ya riga kowace masana'anta zuwa kasuwanninmu. Kantu na dabbobi ne a ce, amma ba kowane gida ne ke raba na turke da na madafa ba. A ɗaya ɓangaren, dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya galibinsa gishiri ne, kuma idan da mai aidin aka yi shi, yana iya zama babbar hanyar samun aidin a gidan da gishirinsu ba shi da ko ɗigo. Binciken da ya auna gishiri kaɗai ya manta da dunƙule zai ba da amsar da ba ta dace da abin da ke cikin jikin mutane ba.

Sannan ga gero. Binciken da aka yi a Darfur ta Sudan a shekarun 1980 ya nuna maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne cimarsu, kuma daga baya aka ware wasu sinadarai a cikinsa, mafi yawa a dusar, masu rage wa tayirod ikon sarrafa aidin. Rogon da ba a jiƙa sosai ba yana da irin wannan illar ta wata hanyar, kamar yadda aka gani a Kwango. Ba wanda zai ce mutanen Daura su bar fura, kuma babu buƙata: illar tana bayyana ne inda aidin ya yi ƙaranci tun farko. Tambayar da ta cancanci digiri na uku ita ce me surfe da wanki da jiƙo da tsimi suke yi wa waɗannan sinadaran, a fura, a koko, a tuwo. Wannan aikin masanin sinadarai ne da likita tare, kuma geron yana nan a kasuwa, ba sai an yi odarsa daga waje ba.

Yadda ake auna aidin ɗin al'umma yana da ka'idoji da ake yawan karyawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na aidin da aka ci ta fitsari yake fita, don haka fitsari ake aunawa. Tsarin da aka saba shi ne a zaɓi wurare 30 ta hanyar ƙuri'a gwargwadon yawan jama'a, a ɗauki yara kamar 30 a kowanne, 'yan shekara 6 zuwa 12. Matsalar farko: an gina tsarin a kan makarantun firamare. A ƙaramar hukumar da yara da yawa suke tsangaya, ko talla, ko kiwo, 'yan aji ba su wakilci sauran ba, dole a bi gida-gida. Ta biyu: fitsarin mutum ɗaya ba ya nuna matsayinsa, domin na yau ya bambanta da na gobe, sai an maimaita kamar sau goma kafin a yi magana a kan mutum guda. Wanda ya rubuta cewa kashi kaza na yara "suna da ƙarancin aidin" don fitsarinsu ya gaza 100, ya yi kuskuren fassara. Abin da ake dubawa shi ne lambar da ta faɗo tsakiya idan an jera sakamakon duka daga ƙarami zuwa babba. In ta kai maikirogiram 100 a lita ga yara, al'umma ta wadatu, ga masu ciki kuwa ana son 150 zuwa 249. Kuma wadatar yara ba ta nufin wadatar masu ciki, sai an auna su daban a wurin awo. Fitsarin ba ya buƙatar firij, amma yana buƙatar murfi mai kamawa, domin idan ruwan ya tsotse a zafin bazara sakamakon zai hau. Kada kuma a tsoma tsinken gwajin suga ko furotin a cikin kwalbar da za a auna, wasunsu suna ɗauke da aidin. Haka ɗakin gwajin da ake ajiye aidin na wanke ciwo a cikinsa bai dace da wannan aikin ba.

Gishirin ma haka. 'Yar kwalbar da ake ɗiga wa gishiri ya koma shuɗi tana cewa ne akwai ko babu, ba ta faɗin nawa. Mai son adadi sai ya narka giram 10 a mililita 50 na tataccen ruwa, ya zuba ɗan asid da ruwan fotasiyam ayodaid, ya ajiye a duhu minti 10 har ya yi rawaya, sannan ya riƙa ɗiga ruwan tayosalfet mai ƙarfin 0.005, da sitaci a matsayin manuni, har launin ya ɓace. Kowace mililita ɗaya da ta shiga daidai take da kimanin miligiram 10.6 a kilo. Idan gishirin mai tsakuwa ne, a daka shi a gauraya giram 50 tukuna, in ba haka ba ɗiba biyu daga ƙulli ɗaya za su ba da amsa biyu. Akwai kuma dalilin auna sama, ba ƙasa kaɗai ba. A Zimbabuwe, bayan an fara zuba aidin a farkon shekarun 1990 ba tare da sa ido sosai ba, masu ciwon tayirod mai aiki fiye da kima sun ninka kusan sau uku, yawanci manya masu tsohon maƙoƙo mai ƙullutai. Yanzu kuma likitocin hawan jini suna neman a rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana. Idan jama'a suka bi, sai an sake lissafin aidin ɗin da ake zubawa.

A cikin asibiti tambayoyin sun fi ƙanana, amma sun fi kusa da rai. Gwajin TSH shi ne na farko, kuma a yawancin na'urori daidai yana tsakanin 0.4 da 4.0. An samo wannan iyakar daga wasu al'ummomi ne. Fitar da tamu yana buƙatar aƙalla lafiyayyu 120 da aka tantace, na masu ciki kuma daban a kowane wata uku, domin a farkon ciki TSH yana sauka da kansa. Aiki ne maras ƙyalƙyali wanda kowane likita a jihar zai amfana da shi. Dogaro da TSH kaɗai kuma yana da rami guda mai zurfi a wurinmu. Matar da ta zubar da jini sosai a haihuwa, daga nan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, kullum kasala da jin sanyi, tana iya kasancewa tsokar ƙasan ƙwaƙwalwarta ce ta lalace. TSH ɗinta zai fito kamar lafiya lau, alhali T4 yana ƙasa. Inda haihuwar gida ta yi yawa, wannan ba baƙon abu ba ne. Idan aka gano, sai an fara ba ta wani magani mai suna haidirokotizon kafin maganin tayirod, in aka juya tsarin tana iya faɗuwa.

Mai tayirod da ta yi gudu, wato rama duk da yawan ci, gumi, rawar hannu, faɗuwar gaba, wani lokaci ido ya firfito, sau da yawa sai ya sha maganin taifot da na tarin fuka, ko a ce iska ce, kafin wani ya taɓa wuyansa. Ana ba shi kabimazol, miligiram 20 zuwa 40 a farko, a riƙa ragewa zuwa 5 ko 10, na tsawon wata 12 zuwa 18, kuma kusan rabi ciwon yana dawo musu bayan an daina. Haɗarinsa shi ne a mutum biyu zuwa biyar cikin dubu yana share fararen ƙwayoyin jini, galibi a wata ukun farko. Alamar ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Kowa ya san abin da Bakatsine zai yi idan ya ji zazzaɓi: kemis, maganin cizon sauro, ya ci gaba da shan ƙwayarsa. Kati ɗan ƙarami da aka rubuta da boko da ajami, mai cewa a dakatar da magani a je a auna jini a ranar, ƙirƙira ce ta gaske, kuma ana iya gwada amfaninta kamar yadda ake gwada magani: a ba wasu, a yi wa wasu bayanin baki kawai, bayan wata uku a tambayi kowa me zai yi idan zazzaɓi ya zo.

Mai tayirod da ta yi sanyi kuma lebotairoksin yake sha, kimanin maikirogiram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa, tsoho ko mai ciwon zuciya a fara masa da 25. Ana sha da ruwa zalla, ciki ba komai, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kalaci. Koko da ƙosai ko shayi da madara a kansa suna rage abin da hanji zai tsotsa, awara ma haka. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam da ake bayarwa a wurin awon ciki sai an raba su da shi da awa huɗu, alhali mai cikin tana buƙatar ƙarin kashi 25 zuwa 30 na maganin tun da ta san tana da shi. Ba a sake auna TSH sai bayan mako 6 zuwa 8, domin T4 yana ɗaukar kimanin mako guda kafin rabinsa ya bar jini. A watan azumi mafi sauƙi shi ne a sha rabin awa kafin sahur, ko a lokacin kwanciya idan an yi awa uku da cin abinci. Sai batun zafi: an rubuta a ajiye ƙwayar ƙasa da digiri 25, mu kuwa a Afirilu da Mayu muna haura 40, kuma shagon kemis mai rufin kwano ya fi waje zafi. A sayi ƙwayar daga shaguna daban-daban a watanni daban-daban a auna ƙarfinta, wannan bincike ne da ba a buƙatar fita jihar kafin a tsara shi. Kada a raina batun sauya samfuri. A Faransa a 2017 an canza mahaɗin ƙwayar kawai, ba maganin ba, ba tare da an yi wa masu sha kusan miliyan uku cikakken bayani ba, ƙorafi ya yi yawa har sai da gwamnati ta sa aka dawo da tsohon na wani lokaci. Mu a nan majiyyaci yana sauya samfuri duk wata, gwargwadon abin da ya samu a kanta.

Gwajin jarirai ya nuna yadda dabarar waje take karyewa idan ba a sake mata tsari ba. Jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haifarsa tayirod ba ta aiki. Ba ya nuna alama da wuri, amma idan ba a fara magani cikin mako biyu ba ƙwaƙwalwa tana samun naƙasar da ba ta gyaruwa. A Kebek ta Kanada aka fara gwada kowane jariri a 1974, da ɗigon jini daga dunduniya a kan takarda. Lokacin ɗiba shi ne awa 48 zuwa 72 bayan haihuwa, domin a ranar farko TSH na kowane jariri a sama yake. A nan kuwa wadda ta haihu a asibiti ta koma gida kafin wannan lokacin, mafi yawa ma a gida suka haihu. Mafita biyu ake iya gwadawa: jinin cibiya a ɗakin haihuwa, ko a jingina ɗibar da ranar allurar farko, ko ma da zagayen suna, tunda kafin kwana bakwai ungozoma da wanzami duk sun ga jaririn. Idan aka ɗiba a rana ta bakwai, saura mako guda a busar da takardar, a kai ta, a auna, a nemo gidan. Neman gidan ne ya fi wuya, ba awon ba.

Ba kuma kowane sabon abu ne alheri ba, kuma mai nazarin ƙirƙira da bai san wannan ba ɗan talla ne. A Koriya ta Kudu, daga 1999, asibitoci suka riƙa ƙara hoton wuya a kan gwajin lafiya da ɗan kuɗi kaɗan. Zuwa 2011 masu sankarar tayirod da ake ganowa sun ninka na 1993 sau 15, amma adadin masu mutuwa da ita bai motsa ba. An yi ta cire tayirod saboda 'yan ƙullutan da ba za su taɓa cutar da masu su ba, wasu suka rasa murya, wasu kalsiyam ɗinsu ya rikice, mafi yawansu suka koma shan magani har abada. A Kobe ta Japan kuwa tun 1993 wani asibiti ya fara sa ido kawai a kan irin waɗanda ba su kai santimita ɗaya ba, aka ga mafi yawansu ba sa girma. Yanzu da na'urar sikanin ta cika gari, wannan gargaɗi ne a gare mu, ko da yake matsalarmu ta yau akasin haka ce: mutane suna zuwa ne bayan maƙoƙo ya danne hanyar numfashi. Abin da ya fi sikanin amfani shi ne siririyar allurar da ake zuƙo ƙwayoyin ƙullutu da ita. Sai an samu aƙalla gungu shida masu ƙwaya goma-goma kafin a ce ɗibar ta wadatar, kuma gilashin da za a tsoma a sifirit a tsoma shi nan take, domin a hunturu kafin a juya ya bushe, hoton ya lalace. Akwai kuma nau'in sankara, wanda ya fi yawa inda aidin ya yi ƙaranci, da allura ba ta iya rarrabe shi da ƙullutu maras illa sai an yanko.

Aidin na nukiliya, da ake sha don ya ƙone tsokar tayirod mai ciwo, wanda Saul Hertz ya fara ba majiyyaci a Bostan a 1941, har yanzu bai zama ruwan dare a Nijeriya ba. Wuraren da aka san su da shi Ibadan ne da Abuja. Daga waje ake kawo shi, kuma duk kwana takwas rabin ƙarfinsa yake tafiya, jinkirin mako guda a filin jirgi ya cinye kusan rabin kuɗin. Wanda ya sha sai ya nisanci yara da masu ciki na wasu kwanaki, mace ta daina shayarwa ta kuma kauce wa ɗaukar ciki wata shida. A gidan da ɗaki ɗaya ke kwana da yara biyar, wannan umarnin yana buƙatar tsari tun kafin a bar Katsina. Saboda haka tiyata ce za ta ci gaba da ɗaukar nauyin, kuma ƙirga yawan masu dashewar murya da masu ƙarancin kalsiyam bayan aiki wajibi ne a kan kowane sashe.

Duk waɗannan suna cin karo da yadda jami'a ke auna malami. Daga ƙaramin malami zuwa babba zuwa farfesa, takardun da aka buga ake ƙirgawa, kuma bin majiyyata shekara biyar yana haifar da takarda ɗaya a lokacin da abokin aiki ya fitar da goma daga fayil. Ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu, waɗanda masu tantancewa na waje suke watsar da su a ranar da aka fi buƙatarsu. Takardar mallakar ƙirƙira ma ta zama ado: a Nijeriya ana bayar da ita ta shekara 20 bayan duba cikar takardu, ba a gwada ko abin yana aiki, don haka ba hujja ba ce ta amfani. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, yana iya ɗaukar binciken gishiri da fitsari na 'yan ƙananan hukumomi, in dai an sa kuɗin mota da na sake zuwa a cikin kasafi, an kuma ware watanni don izinin kwamitin ɗa'a, da na ma'aikatar lafiya, da na hukumar ilimin firamare, da sallama ga hakimi da mai unguwa, sannan yardar iyaye.

Akwai wata dabara da ya kamata a ara daga binciken da aka yi a garuruwa huɗu na jihar Ilinoi a shekarun 1950, kan yadda likitoci suka karɓi wani sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta. Masu binciken ba su tsaya ga abin da likitocin suka faɗa ba, sun je kantunan magani sun duba takardun da aka rubuta, wata bayan wata. Haka mai binciken tayirod zai yi. Rajista guda, ko a littafi ko a kwamfuta, da za ta ɗauki kowane majiyyaci daga ranar farko: garinsu, watanni nawa da fara ciwo, wurare nawa ya je kafin nan, gishirin da ake ci a gida, samfurin maganin da ya saya da kuɗinsa, lambar waya biyu, da sunan mai unguwa saboda ranar da layukan duka za su ƙi shiga. Sai layi na ƙarshe, ranar da ya dawo awon TSH na mako takwas, da dalilin da ya bayar idan sai da aka neme shi.